Motar Da Orrin Ya Saya a Tsaye

A garinmu na Pinkham Falls, can jihar Maine ta Amurka, ba a sayen tsohuwar mota a tsaye. Gishirin da ake watsa wa tituna lokacin dusar ƙanƙara cin ƙarfe yake ta ƙasa, sama kuwa tana ta ƙyalli. Saboda haka duk mai hankali in zai je ganin mota, da kwali yake tafiya da sukudireba. Ya shimfiɗa kwalin, ya kwanta rigingine, ya kurɗa ƙarƙashi ya yi ta caka. In ƙarfe ya amsa, a zauna ciniki. In sukudireba ta nutse, ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce a gaida mutanen gida. Fadan cocinmu ma haka yake yi, da baƙar rigarsa da komai.

Mutum ɗaya ne a garin nan ya ce ya fi ƙarfin kwanciya a ƙasa, shi ne maƙwabcina Orrin Pelkey. Tagar kicin ɗina ƙofar garejinsu take kallo, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Tun yana saurayi Orrin ya taɓa yin aikin wucin gadi a ofishin rajistar motoci, yana buga hatimi. Aikin bai kai hunturu ba, amma har furfura ta cika masa kai bai daina ba da labarinsa ba. A nan, in ji shi, ya gane cewa gaskiyar mota a takarda take. Doka ta ce duk shekara a kai mota gareji a duba lafiyarta, a manna mata sitika a gilashi, a ba mai ita takarda da adadin milan da ta ci. To Orrin cewa yake ka tara masa waɗannan takardun, ko bai ga motar ba zai gaya maka halinta, da halin mai ita, da ko yana zuwa coci. Masu shiga ƙarƙashin mota kuwa, wai mutanen da karatu ya fi ƙarfinsu ne.

Da wannan ilimi ya saya wa gidansa motoci a jere. Akwai wadda ƙofarta ta ɓalle ta biyo hannun likitan garinmu. Akwai wadda ta mutu a tsakiyar jerin motocin kai gawa, sai da masu makoki suka fito suka tura. Ta ƙarshe ta cika a farkon bazara, a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa ta.

Matarsa Bernadette mace ce mai haƙuri, irin haƙurin da ke tara abu wuri ɗaya. Tun da suka yi aure Orrin bai taɓa barinta ta tuƙa shi ba, wai in mace na tuƙi jiri yake ji. Ita ce kullum a kujerar mai zaman banza, da tukunyar waken da take kaiwa cin abincin coci a cinyarta, shi yana sitiyari da hannu ɗaya yana ɗaga wa mutane ɗayan. A teburin kicin ɗina ta yanke masa hukunci, ina tsaye ina zuba musu kofi.

"Orrin, je ka zaɓo da takardunka, ban hana ka ba. Amma in wannan ma ta ba mu kunya, ni zan zaɓi ta gaba, ni zan riƙa tuƙi. Kai ka dawo wurina ka riƙe tukunya. Glenna, ke ce shaida."

Na ce na shaida, har da saurina. Orrin ya yi dariya ya ce ai gara ta nemi ƙaramin matashi ta ɗora a cinya, don ita da tukunya mutu ka raba. Amma na ga yadda ya ajiye kofin. A duniya ba abin da Orrin ke tsoro kamar mutanen garin nan su gan shi a wancan gefen motar.

Ba a daɗe ba ya samo abin da ya kira sarauniyar motoci: wata doguwa koriya mai faɗin baya, a wani ƙauyen masunta a bakin teku. Ya sa mai ita ya aiko masa da takardun tukuna. Ya kai su gidan abincin da dattawan garin ke karyawa, ya ture kwalbar gishiri da ta barkono, ya baje su a tebur. Kowace shekara an duba, kowace shekara ta tsallake, sa hannun mutum ɗaya daga farko har ƙarshe. Milan kuwa da ƙyar suke motsi.

Nan take ya karanta musu. Motar wata tsohuwa ce, in ji shi, mai sauƙin ƙafa, ba ta fita sai ranar Lahadi, kuma daga yadda aka ninke takardun ya san mijinta ya rasu.

Wendell Thurlow yana wurin. Shi ne ya yi rayuwarsa yana tuƙa motar ture ƙanƙara ta gari, kuma babban abin alfaharinsa shi ne da hannunsa ya watsa gishirin da ya kashe rabin motocin jama'a. Shi da Orrin ba sa ga maciji tun suna makaranta.

"To malamin takarda, motar da ke zaune a bakin teku ba ta zuwa ko'ina, aikin me take yi?"

"Hutawa take, Wendell. Abin da ya kamata bakinka ya koya."

Ni na kai su ƙauyen a motata, tunda ba su da abin hawa. Mai motar, Alton Beal, wani dogon masunci ne da magana ke yi wa tsada. Motar na tsaye a saman wata gangara ta siminti da ta sauka har cikin ruwa, fuskarta na kallon tudu, bayanta na kallon teku, da ƙugiyar jan tirela a gindinta. Ni dai ina ganin haka na dubi Bernadette, ita ma ta dube ni.

Alton ya shiga rumfarsa ya fito da kwali, kamar yadda kowane mai mutunci zai yi, ya shimfiɗa a gefen motar. Orrin ya taka kwalin ya wuce. Ya zagaya motar hannu a baya, ya shafa sitikar gilashi, ya tambayi lafiyar tsohuwa. Alton ya ce wace tsohuwa? Orrin ya kashe masa ido ɗaya, ya ce ya gane, ba kowa ke son a taɓo masa zancen rashi ba. Alton ya buɗe baki zai faɗi aikin da motar ke yi, Orrin ya tare shi da bayanin yadda ake karanta mil, bayanin da ya kai mu har ruwan teku ya fara janyewa.

Ni ce na ja Alton gefe na tambaye shi. Bai ɓoye komai ba. Motar ba ta taɓa wuce ƙauyen ba. Da safe ta tura tirelar kwale-kwalensa da baya har ruwan gishiri ya shanye mata tayoyin baya, da yamma ta sake shiga ta jawo shi. Shekara da shekaru ke nan. Sitikar kuwa, wan matarsa ne mai garejin ƙauyen, ta taga yake duba motar, da kofin kofi a hannu.

Na raɗa wa Bernadette. Ta zaro sukudireba daga jakarta ta nufi kwalin. Orrin ya ɗaga hannu, ya ce in ta kuskura ta durƙusa to ba shi ya zaɓi motar ba, alkawari ya tashi. Bernadette ta tsaya. Ta dubi gindin motar, ta dubi mijinta, sannan ta mai da sukudirebar cikin jaka a hankali ta ja zif. Ban taɓa ganin mace ta rufe jaka da irin wannan natsuwa ba.

Orrin ya biya kuɗin motar, a hanyar dawowa ina binsu a baya. Tsuntsayen teku suka raka su har bayan gari, don ƙarnin kifin da ke cikin motar ya wuce a kira shi wari. Ba mu yi nisa ba salansa ta faɗo, ta yi tsalle biyu a kwalta ta kwanta. Na tsaya na ɗauka na saka a but ɗina. Orrin bai tsaya ba, sai ƙarar motar ta koma kamar ta injin niƙa. Da muka isa na miƙa masa salansar, ya juya ta, ya ce ai wannan ba tata ba ce, tata an duba ta bara.

Kafin magariba kyanwoyin unguwa duk sun hallara a kan motar. Orrin ya ce dabba ta san abu mai kyau. Kowace safiya kuwa in na leƙa ta taga, sai in gan shi da tsintsiya yana share jan garin tsatsa da motar ta zubar, yana waige-waige. Da ya gan ni sai ya ɗaga tsintsiyar ya ce ganyen bishiya ne. Ganye a watan Yuni, ja, kuma a ƙarƙashin mota kaɗai.

Ranar da aka yi ruwa suka dawo daga kasuwa, siket ɗin Bernadette jiƙe har gwiwa, alhali gilasai a rufe. Lahadin da ta biyo ta shiga coci da takalmi ƙafa ɗaya. Ta ce ta ɗan cire shi ne ta huta, ta ajiye a kan dardumar ƙasan motar, dardumar ta lotsa, takalmin ya tafi. Wani yaro ya tsince shi a gaban gidan mai. Orrin ya ce sakacin mata ne. Ta ce masa ya ɗaga dardumar ya gani mana. Ya ce shi ba ya ɗaga wa mota zane, takarda ta riga ta yi magana. Ƙofofin baya su ma suka ɗauki sabon hali: in an ɗora kaya ba sa buɗuwa, in an faɗa rami su buɗe da kansu. Orrin ya ɗaure su da igiyar shanya ta ciki, ya ce tsaro ne saboda jikoki.

Bernadette ta tambaye ni ko wannan bai isa kunya ba. Orrin ya ce kunya sai da jama'a, takalmin mutum ɗaya ba jama'a ba ne. A matsayina na shaida, dole na yarda yana da ɗan gaskiya. Ban ji daɗin yardar ba.

Wendell ne ya kawo jama'ar. Faretin ranar huɗu ga Yuli, bikin 'yancin ƙasa, ya matso, matan coci suna neman motar da za ta ja musu amalanken da suke ƙawatawa duk shekara. A gidan abinci Wendell ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai da motar Orrin mota ce da an roƙe shi, amma kada a ɗora wa mara lafiya nauyi. Orrin ya miƙe tsaye da cokali a hannu. Ba amalanke kaɗai ba, in ji shi, a ɗora tukwanen waken cin abincin rana duka, a ɗora tuta, a ɗora surukarsa.

Surukar tasa, Meme Odile, uwar Bernadette, ita ce mafi tsufa a garin, kuma al'adarmu mafi tsufa ne ke gaba a fareti. Bernadette ta so ta hana, ta ce uwarta ba abin gwaji ba ce. Tsohuwar ta ce sam. Tafiyar fareti ai tafiyar ƙafa ce, ba abin da zai same ta. Sannan ta ƙara da cewa tun ranar ɗaurin auren nan take jiran ƙarshen bakin Orrin, ba za ta yarda a gama ba tana baya.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Gari ya fito kaf, an jera kujeru a bakin titi. Orrin ya wanke motar ya goge ta har tana ɗaukar ido, ya sa farar hula, ya ɗauko jakar takardun ya ajiye a kan dardumar gaban kujerar mai zaman banza, wai ko wani zai so ya gani. Bernadette ta ce ita a ƙasa za ta taka tare da matan coci. Aka maƙala amalanke a ƙugiya. Meme Odile ta hau kujerarta mai lilo a tsakiyar tukwane, da ƙaramar tuta a hannu. Bayansu makaɗan makaranta, bayan makaɗa motar kashe gobara.

Da farko, wallahi, har na fara jin tsoron Orrin zai ci. Motar ta ja, amalanke ya bi, mutane na tafi. Sai aka iso tsohon layin dogo da ya ratsa babban titi, inda kwalta ta ɗan yi tozo. Tayoyin gaba suka haye. Na baya suka haye. Amalanke ya zo ya ɗan turje, sai ƙugiyar ta zaɓi ɓangare. Ta zauna tare da amalanken, ita da bamba da lambar mota da kusan duk ƙasan but, ba wata babbar ƙara, kamar an ɓare biskit. Amalanke ya tsaya cak. Ko wake ɗaya bai zube ba. Meme Odile ta ci gaba da lilo tana kaɗa tuta.

Orrin bai ji komai ba, motar da ba salansa ba ta barin mutum ya ji ko tunaninsa. Abin da ya ji kawai motar ta yi sauƙi, sai ya ƙara gyara zama. Jama'a suka miƙe suna ihu suna nuna bayansa, shi kuma ya cire hula yana ɗaga musu, dama da hagu. Safayar taya ta sulalo ta ramin but, ta bi shi a baya ita kaɗai har gaban kantin magani kafin ta kwanta. Makaɗa suka rasa wanda za su bi, rabi suka tsaya da Meme, rabi suka bi taya. Mai busa ƙaho dariya ta shaƙe shi sai da aka bubbuga masa baya.

A gaban ofishin gari aka kafa rumfar manyan baƙi, nan Orrin ya taka birki don ya gaisa. Motar ta tsaya. Sannan bayanta ya sauka a hankali har ya taɓa kwalta, gaba ya ɗaga sama, ta zauna kamar karen da ke jiran a jefa masa ƙashi. Igiyar shanya ta tsinke, ƙofofin baya suka buɗe duka biyu.

Ya fito yana murmushi, ya waiga, ya ga surukarsa can nesa tana kaɗa masa tuta. Da wani ne, da sai ya nemi lungu. Orrin gyara hula ya yi, ya ce laifin amalanken ne, an cika masa wake. Motar kuwa lafiyarta ƙalau, yana da shaida, yanzu zai nuna wa duk mai iya karatu. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza ya miƙa hannu.

Babu jaka. Babu darduma. Rami ne kawai mai faɗin tire, kwalta na leƙowa ta ciki. Jakar takardun ta faɗa ta gangara can ƙarƙashin motar, inda hannu ba ya kaiwa ta sama.

Duk wanda ke tsaye a nan ya san hanya ɗaya ce ta ɗauko jakar, Orrin ma ya sani. Ya dubi yaran da ke gaba, iyayensu suka riƙe musu kafaɗa. Ya dube ni, na dubi sama. Sai ga Wendell ya ratso jama'a da kwalin da ya yago daga akwatin lemo, ya shimfiɗa shi a gaban motar da ladabi, har da kakkaɓe masa ƙura.

"Bisimilla, malamin takarda. Sabo ne, ba wanda ya taɓa kwanciya a kai."

Orrin ya daɗe a tsaye. In ya bar takardun, ba shi da hujja. In ya ɗauko su, ya kwanta. Na rantse na ɗan ji tausayinsa, amma bai hana ni matsawa gaba don in gani da kyau ba. Ya cire farar hular ya ɗora a kan motar. Ya sa gwiwa ɗaya, ya sa ta biyu, ya juya rigingine ya ja jiki ya shige. Fada ya cire tasa hular, ban san dalili ba.

Muka jira. Ba motsi. Can sai fuskarsa ta bayyana ta cikin ramin, daidai inda Bernadette ke ajiye ƙafa, jan gari ya rufe masa gira. Ta nan yana iya hango rufin motar, ta gefe kuma yana iya hango takalman jama'a ta wuraren da ya kamata a ce ƙarfe ne.

Bernadette ta riga ta iso. Ta buɗe ƙofar direba ta zauna, ta ja kujerar gaba daidai tsawon ƙafarta, ta gyara madubi. Sannan ta buɗe jaka ta zaro sukudirebar nan, ta sunkuya ta miƙa masa ta ramin.

"Ungo, ko za ka caka?"

Orrin ya dubi sukudirebar. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Babu wurin cakawa, Bernadette."

"Glenna, kin ji?"

Na ce na ji, gari ma ya ji. Daga can layin dogo Meme Odile ta aiko a tambaya ko an gama, don in an gama tana so a zuba mata wake.

Satin da ya biyo Bernadette ta ari kwalina, ta je garin da ke gaba da mu, ta kwanta ƙarƙashin motoci da kanta har ta sami wadda ta amsa mata. Ƙarama ce, ruwan toka, ba abin da za a kalla a jikinta. Takardunta ma ba su cika ba.

Yanzu duk ranar cin abincin coci ina ganinsu ta taga. Bernadette ta fito da makulli, ta shiga gefen direba. Orrin ya biyo ta da tukunyar wake rungume a ƙirji, ya tsaya ya dubi titi sama da ƙasa ko da mai kallo, sannan ya shiga nasa gefen. A gidan abinci yana cewa dama can shirinsa ne, wai ya daɗe yana so ya koya mata tuƙi. Amma kafin ya ɗora tukunyar a cinya, sai na ga kafaɗarsa ta motsa sau biyu. Diddige yake bugawa a ƙasan motar, ya ji ko ƙarfe zai amsa.